FILIN MOTA DA DIREBA: Ruwa-Biyu Ko Mai Turbo, Wanne Ya Dace Da Kai?

 A wannan wata za mu ɗan ƙetare teku, domin wasiƙar da ke gabanmu ta fito ne daga wani ɗan'uwanmu haifaffen Zangon Kumasi, wanda yanzu neman abinci ya kai shi unguwar Bronx ta birnin New York a ƙasar Amurka. Kada wani ya ce ina ruwanmu da motar Amurka. Da wuya a sami unguwa a zangunanmu wadda ba ta da ɗanta a can, kuma motoci da yawa da muke hawa a nan daga can aka yi lodinsu aka sauke su a tashar jiragen ruwa ta Tema. Abin da suka zaɓa yau shi ne zai zo hannun makanikanmu nan da shekara biyar ko shida.

Ɗan'uwan namu sana'arsa fenti da ƙananan gyare-gyaren gidaje. Kullum yana yawo da tsani da bokitan fenti da akwatin kayan aiki, daga wannan unguwa zuwa waccan. Tsohuwar motarsa ta gaji, sai ya yanke shawarar yin odar ƙaramar a-kori-kurar nan ta kamfanin Ford da ake kira Maverick, a kan bashin da zai biya cikin shekara biyar. Da ya je wurin dila aka miƙa masa takarda, aka ce ya zaɓi inji: ko mai haɗa fetur da lantarki, ko mai turbo. Abokansa kuwa suka rabu gida biyu. Wasu suka ce mai turbo ita ce motar namiji, kuma batir ɗin ɗayar in ya mutu sai ya tsiyata shi. Wasu suka ce in bai ɗauki mai lantarki ba, gidan mai zai riƙa yi wa aiki. Daɗin daɗawa, yana da niyyar in ya gama biyan bashin ya aiko wa ƙanensa motar gida. Shi ne yake tambaya, wanne zai sa wa hannu?

To ɗan'uwa, matambayi ba ya ɓata. Amsar a taƙaice ita ce: ka zaɓi inji saboda aikin da kake yi daga Litinin zuwa Asabar. Aikin da kake tsammanin wata rana zai taso, sau ɗaya ko sau biyu a shekara, kada ka bari shi ya riƙe maka alƙalami. Amma bari mu bi abin daki-daki, domin bashin shekara biyar ba a sa masa hannu a kan jita-jitar majalisa.

Wace irin mota ce?

Maverick ƙaramar a-kori-kura ce mai ƙofa huɗu da wurin zaman mutum biyar. Kamfanin Ford ya nuna ta ga duniya a watan Yunin 2021, aka fara sayar da ita kafin ƙarshen wannan shekara a matsayin samfurin 2022, kuma a garin Hermosillo na ƙasar Meziko ake ƙera ta. Ta bambanta da Hilux da Ranger da muka saba da su. Su waɗannan ana ɗora jikinsu ne a kan shasi mai kama da tsani, ita kuwa jikinta da shasinta a haɗe suke kamar na ƙaramar mota. Hasali ma ƙashin bayanta ɗaya ne da na Ford Escape da aka fara yi a samfurin 2020. Wurin zuba kaya na baya tsawonsa ƙafa huɗu da rabi ne, wato kusan mita 1.4.

Da ta fito, farashinta ya fara ne daga dala 19,995 ban da kuɗin dako, shi ya sa aka yi rububinta. A watan Janairun 2022 kamfanin ya daina karɓar oda saboda ta yi masa yawa, kuma da ya sake buɗewa a watan Satumba na wannan shekara, cikin 'yan kwanaki ya sake rufewa. Mutane sun yi watanni suna jiran motarsu. Zuwa samfurin 2025 mafi arahar cikinsu ta haura dala 26,000. Kishiyarta a wannan aji, Santa Cruz ta kamfanin Hyundai wadda ita ma ta fito a 2021, ba ta zo da inji mai lantarki ba, saboda haka wannan muhawara a kan Maverick ta tsaya.

Yadda ruwa-biyu ke aiki

Bature yana kiran inji na farko haibirid, mu kuwa a wannan fili za mu ce masa ruwa-biyu. A cikinsa akwai injin fetur mai silinda huɗu, lita 2.5, da injinan lantarki biyu, ɗaya na tura mota, ɗaya na tada inji da cajin batir. In aka haɗa ƙarfinsu duka, ana samun ƙarfin doki 191. Ba a jona wannan mota da wutar gida, fetur kawai ake zuba mata kamar kowace mota. Batir ɗinta ma ƙarami ne, kilowat-awa 1.1, kuma aikinsa kamar asusu ne. Duk lokacin da ka taka birki, ƙarfin da a wata mota zai zama zafi ya bi iska, a nan injin lantarki ne yake kama shi ya jefa a asusun. In za ka tashi daga tsayuwa, sai a ciro a tura ka da shi. In kana tsaye a danja ko a cunkoso, injin fetur yakan mutu da kansa, ya kuma tashi da kansa idan an bukace shi.

Shi injin fetur ɗin an gina shi ne a kan wata dabara da ake dangantawa da wani injiniya ɗan Ingila mai suna James Atkinson, wanda ya yi aiki a kanta a shekarun 1880. Bawul ɗin shigar iska yakan ɗan yi jinkirin rufewa, ta yadda fistin ba ya shan wahala sosai wajen matse iska, amma yana samun cikakkiyar tafiya wajen tatsar ƙarfin man da ya ƙone. Irin wannan inji yana da tsimin mai, sai dai ba shi da kuzari a tashin farko. To nan ne injin lantarki yake rufa masa asiri, domin shi tun daga tsaye yake ba da duk ƙarfinsa.

Akwai wani abu da ya kamata makanikanmu su lura da shi. Giyar wannan mota ba irin mai bel ɗin nan ba ce da take yawan ba su ciwon kai a wasu ƙananan motoci, ko da yake sunayensu sun yi kama a takarda. Wannan kullin haƙoran ƙarfe ne da ke raba ƙarfi tsakanin inji da lantarki, babu bel a ciki, babu hawa-hawan giya. Haka kuma motar ba ta da kik da altaneta irin waɗanda muka sani. Dabarar kuwa ba sabuwa ba ce. Kamfanin Toyota ya fara sayar da Prius a ƙasar Japan a 1997, Ford ya fito da Escape ruwa-biyu a 2004, kuma a 2005 aka fara ganinta tana aikin tasi a titunan New York ɗin da kake zaune.

Yadda turbo ke aiki

Inji na biyu ƙarami ne a jiki, lita 2.0, kamfanin yana kiransa EcoBoost. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga aikin zugazugi ya riga ya fahimci turbo. Hayaƙin da ke fita zuwa salansa yana juya wata farfela, ita kuma tana juya wata farfelar da ke kan sanda ɗaya da ita, wadda take cusa iska cikin inji da ƙarfi. In iska ta ƙaru sai a ƙara mai, wuta ta ƙaru, ƙaramin inji ya yi aikin babba. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi wa dabarar rajista tun a 1905. A samfurin 2022 zuwa 2024 an rubuta wa wannan inji ƙarfin doki 250, kuma yana tafe da giya takwas mai canja kanta.

Babu shakka in ka taka totur za ka ji bambanci. Wajen shiga babbar hanya, ko wuce tirela, ko hawan tudu da kaya, mai turbo ta fi kuzari nesa ba kusa ba. A garuruwan da ke kan tsaunuka ma, inda iska ba ta da kauri, turbo yana rage asarar ƙarfin da sauran injuna ke yi. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tsimin man turbo yana nan ne muddin ƙafarka ba ta da nauyi. Da zarar zugazugin ya fara aiki sosai, shan mansa ya koma na babban inji. Sa'an nan ita farfelar tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, a cikin zafin hayaƙi, kuma baƙin mai ne kaɗai tsakaninta da lalacewa.

Mu zo ga lissafin mai

A nan ne maganar take, domin ba girin-girin ba, ta yi mai. Hukumar kare muhalli ta Amurka ita ke fitar da ma'aunin shan man kowace mota. A samfurin 2022, ruwa-biyu tana yin mil 42 da galan ɗaya a cikin gari, mil 33 a babbar hanya. Mai turbo da ke ja da ƙafafun gaba tana yin mil 23 a gari, mil 30 a babbar hanya, mai ja da ƙafa huɗu kuma 22 da 29. Ga masu lissafi da lita, ruwa-biyu tana cin kusan kilomita 18 da lita ɗaya a gari, mai turbo kuwa ba ta cika kilomita 10 ba. A babbar hanya kuma kilomita 14 ne da kusan 13.

Ka lura da abin mamaki a nan. Motocin da muka saba da su sun fi shan mai a cikin gari. Ita ruwa-biyu a gari ta fi tsimi, saboda a nan ne ake yawan taka birki, asusun nan yana ta cika, kuma a nan ne ake yawan tsayuwa, inji yana hutawa. A doguwar hanya kuwa, inda za ka yi awa biyu ba ka taɓa birki ba, injin fetur ne ke ɗauke da kusan dukan aikin.

Yanzu ɗauki biro. A ce kana yin mil 15,000 a shekara, kuma duk a cikin gari. Ruwa-biyu za ta sha galan 357, mai turbo ta sha galan 652. Bambanci galan 295 ke nan. In mun ƙaddara galan a dala uku, don misali kawai, ka tsira da dala 885 a shekara, cikin shekara biyar na bashinka kuma dala 4,425. Amma a ce duk tafiyar a babbar hanya ce. Ruwa-biyu galan 455, mai turbo galan 500. Bambancin galan 45 ne kacal, wato dala 135 a shekara. Ka ga mutum biyu za su iya sayen mota iri ɗaya, ɗaya ya ce ta rufa masa asiri, ɗaya ya ce bai ga wani abin a zo a gani ba, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa. Hanyarsu ce ta bambanta.

Kai kuwa ɗan'uwa, bisa ga wasiƙarka, daga danja zuwa danja kake wuni. Dala ɗari takwas da wani abu a shekara ba abin rainawa ba ne ga mai aiko da kuɗin makarantar yara da na cefanen tsofaffi. Sai dai in gaya maka gaskiya, a tsakiyar sanyin New York ba za ka ga mil 42 ɗin nan ba, domin inji yakan daɗe yana aiki don ya ɗumama kansa ya ɗumama ka. Kaya masu nauyi da tsani a sama su ma suna rage tsimin. Amma sanyi da kaya ba su ƙyale mai turbo ba ita ma.

Kaya da jan tirela

Abokanka masu cewa ruwa-biyu ba ta aikin ƙarfi suna da 'yar hujja, sai dai hujjar ta kwana biyu. Daga samfurin 2022 zuwa 2024, ruwa-biyu da ƙafafun gaba kaɗai take ja, kuma nauyin da aka yarda ta ja a tirela bai wuce fam 2,000 ba, wato kilo 907. Wanda yake son ƙafa huɗu, ko yake son jan fam 4,000, wato kilo 1,814, dole ya ɗauki mai turbo ya kuma biya kuɗin kayan ja na musamman. Daga samfurin 2025 abin ya canja. An fara yin ruwa-biyu mai ja da ƙafa huɗu, ita ma in an sa mata kayan ja tana iya fam 4,000, kuma ma'aunin shan manta a gari mil 40 ne da galan. Saboda haka wanda ya sayi tasa a 2022 yana ba ka labarin kasuwar jiya ne.

Duk da haka, wanda jan tirela shi ne sana'arsa, kullum yana kan doguwar hanya da hawa da gangara, zai fi jin daɗin mai turbo, domin tana da rarar ƙarfi, kuma da nauyi a baya tsimin ruwa-biyu yakan ragu ƙwarai. Haka nan nau'in da aka shirya don shiga daji, mai suna Tremor, da na 'yan son gudu mai suna Lobo, da injin turbo suka fito.

Wajen ɗaukar kaya a baya kuwa, kusan kunnen doki suke. Iyakar abin da aka rubuta wa motar shi ne wajen fam 1,500, kimanin kilo 680, kuma a cikin wannan lissafi har da direba da fasinjoji. In ka cire nauyinka da na yaronka, abin da ya rage bai fi buhun siminti goma ba. Ka riƙe wannan lamba, za mu dawo kanta.

Maganar dusar ƙanƙara kuma, ƙafa huɗu tana taimaka maka ka tashi, amma ba ta ƙara maka birki. Tayoyin sanyi masu kyau a kan mota mai ja da gaba sun fi ƙafa huɗu a kan tayoyin da suka suɗe.

Tsoron batir

Wannan shi ne abin da ya fi tsorata mutanenmu, kuma ba laifi ba ne mutum ya ji tsoron abin da bai saba da shi ba. Amma duba takardar garanti. A Amurka kamfanin yana tsaya wa batir da sauran kayan lantarkin ruwa-biyu na shekara 8 ko mil 100,000, duk wanda ya riga zuwa, alhali inji da giya na shekara 5 ne ko mil 60,000. Wato duk tsawon bashinka batir ɗin yana ƙarƙashin garanti, in dai ba ka wuce mil ɗin ba. Kuma zuwa da kai ya fi aike. 'Yan'uwanmu masu tuƙa tasi a garin nan da yawa sun yi shekaru a cikin motoci ruwa-biyu. Ka same su ka tambaye su sau nawa suka canja batir, sau nawa kuma suka canja takalmin birki, domin a irin wannan mota birki yakan daɗe, tun da lantarki ne ke yin yawancin aikin rage gudu.

Ba na ce ruwa-biyu ba ta lalacewa ba. Ranar da batir ko na'urar da ke sarrafa wutarsa ta sami matsala bayan garanti ya ƙare, kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma sai da kwamfuta ake gano ciwon. Amma mai turbo ita ma tana da nata kuɗin a ɓoye. Tana son baƙin mai na ainihi, irin wanda littafin mota ya faɗa, a kan lokaci. Tana son ruwan lagireto a cike kullum. Tana da ita farfelar, da bututunta, da giya takwas, da kik, da altaneta, kowanne da ranarsa. Wanda yake da halin ɗaga canjin mai zuwa wata mai zuwa, turbo ba abokin tafiyarsa ba ne.

In motar za ta zo gida

Yanzu mu dawo Kumasi, wurin ƙanenka. Tun 1974 ƙasar Gana ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka motar Amurka mai sitiyari a hagu ta dace da titunanmu. Amma akwai abubuwan da za ka sani. Na farko, kada ka sa rai garanti zai biyo mota ya ƙetare teku, kuma in kana yin mil 15,000 a shekara, za ta iso Tema ne da mil 75,000 a kanta. Na biyu, an yi Maverick ne don kasuwannin nahiyar Amurka. Kayan inji da na ƙafa wasu za su yi daidai da na Escape, wadda ake gani a titunanmu, sai a dace a Suame ko a Abossey Okai. Amma fitila da gilashi da ƙofar baya nata ne ita kaɗai, in suka fashe sai an yi oda an jira.

A cunkoson Akara ko na Kejetia, ruwa-biyu za ta yi wa ƙanenka irin alherin da ta yi maka, har na'urar sanyaya ciki tana aiki ko da inji ya huta, domin da lantarki take tafiya. Amma sai da sharuɗɗa. Dole ya san bakanike mai kwamfuta wanda ya koyi aikin irin wannan mota tun kafin ta sauka. Wayoyin nan masu ruwan lemo da ke cikinta suna ɗauke da wutar da za ta iya kashe mutum, ba wurin koyon hannun yaron gareji ba ne. Kada ya kutsa da ita cikin ambaliyar damina. Kuma ba ta son ajiya. Masu aiko da mota a lulluɓe ta da tamfol a tsakar gida sai sun zo hutu bayan shekara guda, su sani batir ba ya yafe wannan. A nan zan ja kunnen masu sayen motocin gwanjo daga Amurka: ruwa-biyun da ruwa ya taɓa cinyewa, ko kyauta aka ba ka, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mai turbo kuwa makanikanmu sun fi sakin jiki da ita, amma abokan gabanta uku suna nan tare da mu: gurɓataccen fetur, jabun baƙin mai, da ƙurar hunturu. Fetur mai lamba 87 da ake zuba mata a Amurka ya yi daidai da kusan lamba 91 a ma'aunin da ake amfani da shi a nan, kuma cikakken ƙarfinta sai da mai lambar da ta fi haka. Man galan na bakin hanya ba nata ba ne. Matatar iska in ta toshe ko ta yage, ƙura za ta ci farfelar kamar yadda gara ke cin itace.

Sa'an nan ka tambayi ƙanen naka aikin da zai yi da ita. In kai kaya shaguna ne a cikin gari, madalla. In kuwa niyyarsa ya riƙa shiga ƙauyuka yana lodin masara da doya a kan hanyar jar ƙasa, ka tuna buhun siminti goman nan. Ko wane inji ka sa mata, ba a yi ta don wannan ba. Gara ka sayar da ita a can, ka aiko da kuɗin a nemi a-kori-kura mai shasi mai shan gas, irin su Hilux ko Ranger da ake ƙerawa a Afirka ta Kudu, waɗanda suke ɗaukar kusan tan guda kuma kayan gyaransu suna ko'ina. Dokokin kwastan a kan shigo da tsohuwar mota su ma suna canjawa, sai ka nemi lissafi daga amintaccen wakili a shekarar da za ka yi lodi. Abin da nake so ka gane shi ne, kada ka sha asarar mai na shekara biyar a New York saboda wata tafiya da mai yiwuwa motar ba za ta yi ba.

Shawarata

Ɗan'uwa, ga mai fenti da ke wuni a titunan Bronx, ruwa-biyu nake ba ka shawara. In aikinka yana kai ka bayan gari a lokacin ƙanƙara, ko kana ganin za ka riƙa jan 'yar tirela, ka ƙara kuɗi ka ɗauki mai ƙafa huɗu da kayan ja tun a takardar oda, domin kayan da aka sa a masana'anta su ne kamfani ya yarda da nauyinsu. In kuwa sau biyu a shekara ne babban kaya ke tasowa, ka yi hayar babbar mota a ranar, daga cikin kuɗin man da ka tsimi. Mai turbo kuma na bar wa wanda yawancin tafiyarsa doguwar hanya ce, ko mai jan nauyi kowane mako, ko mazaunin tsaunuka, ko wanda kawai yake son jin mota tana fizga kuma ya yarda ya biya kuɗin wannan daɗi. Wannan ma ba laifi ba ne, in dai ya san abin da ya saya. Daidai ruwa daidai tsaki.

Kafin ka sa hannu, ka yi waɗannan abubuwa. Ka tuƙa kowacce a irin hanyar da kake bi, har da babbar hanya, domin ruwa-biyu in an taka ta sosai injinta yakan ɗaga murya ya tsaya a wuri ɗaya, wasu ba sa son wannan ƙara. Ka nemi farashin kowacce a rubuce, na shekarar da kake oda, domin kamfanin ya sha juya lissafin: a 2022 da 2023 ruwa-biyu ce ta asali ana ƙara kuɗi don turbo, a 2024 aka juya sai an ƙara dala 1,500 kafin a sami ruwa-biyu, a 2025 aka sake mayar da ita ta asali. Ka sa a rubuta maka jimlar kuɗin gaba ɗaya, da haraji da kuɗin ruwa, ba abin da za ka riƙa biya a wata kaɗai ba. Ka tambayi kamfanin inshora kuɗin kowacce. Kuma in dila ya ce wadda kake so sai ka jira, amma ga wata a fili ka tafi da ita yau, ka tuna shi yana son ya rage kayan da ke gabansa ne, kai kuwa za ka zauna da ita shekara biyar. Jiran wata biyu ya fi nadamar wata sittin.

A nan za mu dasa aya. Masu tambaya a kan mota, ko gyara, ko tuƙi, su ci gaba da aiko da wasiƙunsu ta ofishin wannan jarida, za mu amsa gwargwadon iko. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. A duba mai, a duba ruwa, a yi tuƙi a hankali.